Tour de France na 1989: ta yaya sakan 8 suka raba na ɗaya da na biyu?

Sanusi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara bibiyar tseren keke ba, kuma a cikin karance-karancen tsofaffin sakamako na ci karo da wanda ya ɗaure mini kai. An ce a Tour de France na 1989, bayan mako uku ana tuƙi da tafiyar kilomita 3,285, Ba'amurke Greg LeMond ya doke Bafaranshe Laurent Fignon da sakan 8 kacal. Tambayata kashi biyu ce. Ta yaya ake lissafin da har zai fitar da tazara ƙarama haka a tsere mai wannan tsawo? Sannan na ga ana cewa wani sabon kan keke ne ya ba LeMond nasara a ranar ƙarshe. Shin haka abin yake, ko kuwa an zuzuta ne?

Malam Habibu ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Sanusi. Lissafin ba shi da wuya. An raba tseren zango-zango, a wannan shekarar zango 21 ne tare da ɗan gajeren zangon share fage a Luksamburg, kuma kowace rana ana rubuta lokacin da kowane matuƙi ya ɗauka, a tara shi a kan na jiya. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne ke sanye da rigar rawaya, ko da bai ci zango ko ɗaya ba. LeMond ya kammala da awa 87, minti 38 da sakan 35, lokacin Fignon kuma ya ɗara nasa da sakan 8.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, mutanen nan biyu sun yi ta miƙa wa juna rigar tun makon farko. LeMond ya karɓe ta a zango na 5, tseren agogo mai kilomita 73 zuwa Rennes, wato irin zangon da kowa ke tashi shi kaɗai ba mai tare masa iska. Fignon ya ƙwace ta a zango na 10 a Superbagnères, cikin tsaunukan Pyrenees. LeMond ya dawo da ita a zango na 15 a Orcières-Merlette, sai Fignon ya sake ƙwacewa a hawan Alpe d'Huez a zango na 17, washegari kuma ya ci zangon Villard-de-Lans shi kaɗai, tazararsa ta kai sakan 50. Tun daga farkon tseren har ƙarshensa, ratar da ke tsakaninsu ba ta taɓa kai minti ɗaya ba.

Ranar 23 ga Yuli aka yi zangon ƙarshe, tseren agogo ne na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa titin Champs-Élysées a Faris. Kusan kowa ya ɗauka magana ta ƙare, domin cike giɓin sakan 50 a hanya gajeriya haka yana nufin LeMond ya riƙa samun fiye da sakan biyu a kowace kilomita. Ya gama cikin minti 26 da sakan 57, gudun da ya haura kilomita 54 a awa, ya fi Fignon da sakan 58. Idan ka cire 50 daga 58, ka ga inda 8 ɗin suka fito.

Hajiya Rabi ta amsa:

Malam Habibu ya gama bayanin lissafi, ni kuma zan tsaya kan tambaya ta biyu, domin a ganina ba a zuzuta ba. A tseren agogo babban abokin gabar matuƙi ita ce iska. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wani ƙarin ƙarfe da ya miƙe gaba, irin wanda masu gasar da ke haɗa ninƙaya da keke da gudu suke amfani da shi, ya kwantar da hannuwansa a kai ya matse kafaɗunsa, sannan ya sa hular kwano mai tsini ta baya. Fignon kuwa ya fito ba hula, gashinsa a ɗaure ta ƙeya, yana riƙe da kan keke irin wanda aka saba, ga shi kuma yana fama da gyambo a inda yake zama kan sirdi, abin da ya hana shi sakewa. Idan mutum biyu ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya, kamar yadda mako uku suka nuna, to wanda ya fi ratsa iska shi zai wuce. Ban ce LeMond bai cancanta ba, alƙalan tseren sun amince da ƙarfen, kuma ya riga ya yi amfani da shi tun zango na 5 a idon kowa. Amma ni dai ina jin tausayin Fignon matuƙa, mutumin da ya ci wannan gasa a 1983 da 1984, ya kuma ci babban tseren keke na Italiya, wato Giro, 'yan makonni kafin nan, amma har ya rasu a 2010 abin da aka fi tuna shi da shi shi ne waɗannan sakan 8.

Injiniya Bala ya amsa:

Hajiya, na yarda ƙarfen ya taimaka, sai dai ban yarda a jingina masa nasarar gaba ɗaya ba. A irin gudun da suke yi ranar, sakan 8 bai wuce tazarar mita 120 ba, kuma irin wannan tazara ana iya samunta ko rasa ta a kowane hawa cikin tsaunukan da suka ratsa. A Alpe d'Huez LeMond ya gaji ƙwarai, da ya saki jiki ya ƙara rasa sakan goma a can, da babu ƙarfen da zai cece shi a Faris. Ƙungiyarsa ta ADR kuma ba ta da ƙarfin da za ta tallafe shi a tsaunuka kamar yadda Super U take yi wa Fignon. Kada kuma a manta cewa a watan Afrilun 1987 an harbi LeMond bisa kuskure a wajen farauta, ya kusa rasa ransa, akwai ƙwayoyin harsashi da suka rage a jikinsa, kuma bai shiga Tour na 1987 da na 1988 ba. A ranar ƙarshe ma ya nemi kada a riƙa sanar da shi tazarar lokaci, don ya tuƙa iyakar ƙarfinsa ba tare da lissafi ba.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi, Pedro Delgado na Sifaniya, wanda ya ci gasar 1988. Ya makara zuwa wurin tashi a zangon share fage da minti 2 da sakan 40, agogo kuwa bai jira shi ba, sannan ya ƙara asarar mintuna a tseren agogo na ƙungiyoyi da ya biyo baya. Duk da haka ya ƙare na uku, minti 3 da sakan 34 a bayan LeMond.

Sanusi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Maganar Delgado ta fi komai tsaya mini a rai, domin idan aka cire minti 2 da sakan 40 daga minti 3 da sakan 34, abin da ya rage sakan 54 ne kawai, tun ba a ma taɓa asarar da ya yi tare da ƙungiyarsa ba. Injiniya, a ina ya fi rage wannan giɓi, a Pyrenees ne ko a tsaunukan Alps?