Idan kwamfutar Commodore 64 ta ƙi ganin na'urar faifai ta 1541

Shawarar da masu gyara suka fi haɗuwa a kanta ita ce a fara da wutar lantarki da wayar da ke haɗa na'urorin biyu, domin tsohon akwatin wuta na Commodore 64 yakan lalace ya tura wutar da ta wuce volt 5, wadda ke ƙona ƙwayoyin ajiya. Idan allo ya nuna cewa ba a ga na'ura ba, a duba lambarta, wato lambar da kwamfuta ke kiran na'urar faifan da ita. Kowace 1541 tana zuwa ne da lamba 8, don haka idan an jona guda biyu sai an mayar da ɗaya lamba 9.

Inda ra'ayi ya rabu shi ne batun jar fitilar gaban 1541 mai ƙyaftawa. Wasu suna gaggawar daidaita kan da ke karanta faifai, amma waɗanda suka daɗe a aikin sun ce a goge shi da auduga da sinadarin isopropyl tukuna, a gwada wani faifai, kuma gaskiya tana wajensu. Manhajar sarrafa faifan tana cikin ROM (ƙwayar ajiya ta dindindin) na na'urar kanta, saboda haka sake kwafar faifai ba ya gyara ta.