In saida akuyata in shiga bankin hatsi, ko in jira rabo?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. A unguwarmu, Bagalam ta Maraɗi, za a buɗe bankin hatsi. Kowane gida jika 5, in damina ta yi tsanani a ba ka hatsi bashi, ka biya da kaka. Ba ni da komi sai akuya guda, kuma ciki gare ta. In saida ta, ko in jira rabon taimako? Wanda ya taɓa shiga ya faɗa mini.

Ɗan Tasawa: Hajiya, ki je saida rahusa ta OPVN, hukumar ajiyar hatsi ta gwamnatin Nijar, buhu mai kilo 100 jika 13 ne.

Uwar Biyu: Jika 5 ɗin ma ba ni da su, ɗana.

Baba Tsoho: Rabo? Hmm. Yunwar 2005 ina ƙauye wajen Madarunfa. An rubuta sunana, na sa hannu, na yi layi tun asuba har la'asar. Da aka zo kaina aka ce wani ya karɓa. Maƙwabcina da rumbu biyu cike ya tafi da buhu a amalanke. Tafasa da garin rogo muka ci, jikata ta kumbura sai da aka kwantar da ita. Har gobe in na ji an ce a kawo sunaye, gabana faɗuwa yake.

Maman Sani: Allah sarki Baba. Mu kam bankinmu a Tibiri ya riƙe mu, don mata ke riƙe da makulli. Ana saida mana tiya dala 100 lokacin da kasuwa take 160.

Ɗan Tasawa: Wace kasuwa? Ni 130 na auna.

Maman Sani: Kai da ke zaune Yamai, yaushe rabonka da awo a Maraɗi? Bari masu girki su yi magana.

Na Zariya: A yanka akuyar a gayyace mu, a huta da shawara 😂

Baba Tsoho: Yaro, ana zancen yunwa kana dariya.

Malam Manomi: Ku bar ta makulli. Da kaka ɗan kasuwa ya saye hatsinmu da arha ya kulle a sito, watan 7 ya ba mu buhu guda mu biya biyu. Wa ke hana shi?

Maman Sani: Wallahi ƙanena gonarsa ya jinginar a kan haka.

Uwar Biyu: Jama'a, Juma'a za a rufe rubuta sunaye. Akuyar fa?

Malam Manomi: Nawa ya jinginar da ita, Maman Sani?