Na ɗauki hutun shekara, amma hankalina ya ƙi barin asibiti

Ma'aikaciyar Jinya:

Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati, kuma yau kwana 9 ke nan da fara hutuna na shekara, wanda rabona da shi an fi shekara biyu. Mu biyar ne muke karɓa-karɓa a ɗakin, da na tafi sai aka koma huɗu, aikin dare da nake yi kuma ya faɗa kan wata abokiyar aikina mai goyo. Tun daga ranar ban sami natsuwa ba. Da asuba nake farkawa in ɗauki waya in duba zauren WhatsApp na ɗakinmu, idan na ga an rubuta cewa daren jiya an karɓi haihuwa bakwai, sai in ji kamar ni na gudu na bar su da wahala. Shekaranjiya har na ɗauko farar rigata na goge, ina shirin komawa kafin hutun ya ƙare, sai maigidana ya hana ni. Shin akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, kuma ta yaya ya fita?

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, mafi yawansu a sashen kula da ma'aikata, kuma takardun neman hutu da suka bi ta teburina ba su ƙirguwa. Abin da na lura da shi shi ne, mutanenmu suna neman hutu kamar masu roƙon alfarma, har da sunkuyar da kai, alhali hakki ne da aka rubuta tun kafin a ɗauke su aiki. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 18, ta ba ko da lebura aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 a jere, kuma ta hana mai aiki ya biya shi kuɗi a madadin hutun matuƙar yana kan aikinsa. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuwa, wanda ya kai mataki na 7 zuwa sama kwana 30 gare shi a shekara. Waɗanda suka rubuta wannan sun san ofisoshi ba za su rasa aiki ba a lokacin da mutum ya tafi, duk da haka suka rubuta.

Ƙarancin ma'aikata a ɗakinku matsala ce ta gaske, sai dai ba ke kika haifar da ita ba, kuma ba a teburinki take ba. Idan duk wadda aka ba hutu za ta dawo bayan mako guda ta toshe giɓin, to masu alhakin ɗaukar sababbin ma'aikata ba za su taɓa ganin akwai giɓi ba.

Ungozoma daga Katsina:

'Yar'uwa, na taɓa yin abin da kike shirin yi, na katse hutuna na koma, kuma a mako na biyu da komawar, wajen ƙarfe uku na dare, na tsinci kaina riƙe da kwalbar allura ina karanta sunanta sau uku ban fahimci abin da nake karantawa ba. Allah ya kiyaye, na kira wata ta duba mini, amma tun daga nan na daina ɗaukar gajiyata a matsayin abin da ya shafe ni ni kaɗai, domin matar da ke kwance a kan gado ita ma gajiyar tawa tana shafar ta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin 100, idan aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40. Ki lissafa awoyinki na makon da kike aikin dare ki gani. Shawarata ita ce ki kashe ƙarar zauren nan har hutun ya ƙare, ki gaya wa shugabarku ta kira ki kai tsaye idan wani abu na gaggawa ya taso.

Malamin Islamiyya:

Malama, jin nauyin abokan aikinki alama ce ta amana, ba na so ki rasa shi. Amma ki tuna lokacin da Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, ya tarar yana azumi da rana yana raya dare har iyalinsa sun shiga wani hali, sai ya ce masa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki a kansa, iyalinsa ma haka, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. Idan har a kan ibada aka faɗi haka, to ina ga aikin albashi?

Ma'aikaciyar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka a kan giɓin ta tsaya mini a rai. Na kashe ƙarar zauren, na kuma kira mai goyon nan ina ba ta haƙuri, sai ta yi dariya ta ce nata hutun yana farawa wata mai zuwa, kuma in shirya domin darenta duk a kaina zai sauka.