Wane suna za mu ba bindigar "fam-akshin", da cijewarta?

Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da labarin wannan bindiga ya zo, sai ka ji mai karanta labarai ya yi Hausa tiryan-tiryan, da ya iso kanta sai ya ce "bindiga ƙirar fam-akshin" ya wuce. Haka aka yi ta yi a watan Janairun 2017, lokacin da jami'an kwastan suka kama guda 661 a Legas. Tsohon da ke sauraro a ƙauye ya ji an kama bindigogi, amma bai san waɗanne iri ba, alhali wataƙila irinta ce rataye a kafaɗar ɗan bangan garinsu.

Abin yana damuna ne don Hausa ba ta taɓa rasa sunan bindiga ba. Muna da bindigar toka, muna da adaka, muna da mai baki biyu, muna da mai jigida. Muna kuma da harbi-ka-ruga, sunan da ya gaya maka halin bindigar gaba ɗaya: harbi ɗaya gare ta, in ka yi sai ka nemi wurin sake ɗuri.

Ga yadda wannan take, ga wanda bai taɓa riƙe ta ba. A ƙarƙashin bakinta akwai wani bututu da ake jera harsasai a ciki, ɗaya bayan ɗaya, sifirin yana turo su baya. A kan bututun akwai mariƙi na katako ko roba. In ka ja mariƙin zuwa jikinka, kwanson da aka harba ya fice, sabon harsashi ya faɗo kan wani ƙarfe mai kama da cokali. In ka tura shi gaba, cokalin ya ɗaga harsashin, a cusa shi cikin baki, bindiga ta kulle. Tsohuwar fasahar Amurka ce: John Browning ne ya tsara Winchester ta 1897, Remington 870 kuma ta fito a 1950, har yau ana ƙera ta.

Wani abokina ya ce a kira ta bindigar famfo, tunda daga motsin famfon Turawa suka samo sunan. Ban yarda ba. Bahaushe in ya ji famfo, ruwa ne ke fara zuwa masa. Wani malami ya kawo zuga-zugi, kuma na ji daɗin wannan, don motsin hannun ya yi kama da na mai zuga a maƙera. Sai dai zuga-zugi iska yake hurawa, ita kuwa wannan ba ta hura komai. "Mai zuge" ma an faɗa, amma ya fi dacewa da jaka.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ja-ka-tura, a kan ma'aunin harbi-ka-ruga. Kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, a bakin kawuna na tsince shi.

Kawuna maharbi ne, yana da lasisinsa, don dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya ajiye irin wannan bindiga babu izinin hukuma ba. Wata rana da damina na tarar da shi a zaure, ya shimfiɗa buhu, ya zazzage harsasan duka a gefe, bakin bindigar yana kallon bango. Yaronsa ya dawo da ita daga daji yana cewa ta lalace. Kawu ya ja mariƙin har ya buga ƙarshe, ƙwas, ya tura, ƙwas, ya dubi yaron ya ce, "Lafiyarta lau, ɗan nan. Kai ne ka yi mata rabin ja. Ita wannan sai ka ja ka tura, ba ta son hannun tsoro." Na ce, "Kawu, ai ka raɗa mata suna." Ya ce shi ba suna ya raɗa ba, aikinta ya faɗa.

To a nan ne na fi ganin amfanin sunan. Babbar matsalar wannan bindiga daga hannun mai ita take fitowa: mutum ya firgita, ya ja mariƙin bai kai ƙarshe ba ya mayar, sai ko dai kwanso ya maƙale a ƙofa, ko bindiga ta kulle babu harsashi a baki. Wanda ya san sunanta ja-ka-tura ya riga ya san rabin maganin. Shi ya sa nake so "rabin ja" ya zauna a matsayin sunan wannan kuskure.

Sai kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen miƙa harsashi daga bututu zuwa baki, wato "feed". Na ga wani ya fassara ta da "ciyarwa", har ya rubuta "matsalar ciyar da bindiga". Haba! Bindiga ɗura mata ake yi. Amma ɗuri aikin hannun mutum ne, shi kuwa wannan aikin cikin bindigar ne da kanta, don haka na fi son "miƙo". Bindiga ta ƙi miƙo harsashi: kowane Bahaushe zai gane.

Cijewa kuwa mu bar ta a matsayin uwa, don ita maharba ke faɗa, amma tana da 'ya'ya. In ka ja kunama ba ta yi ƙara ba, wannan ƙin tashi ne, ba ruwansa da miƙo. In harsashi ya ƙi fitowa daga bututu, galibi sifirin ne ya gaji, ko ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama kaurin datti, ko bututun ya lotsa don an buga shi da dutse. Harsashin kansa ma yakan jawo: a ranar nan kawu ya ɗauki guda biyu da suka sha danshi a gwangwani, gindinsu ya yi tsatsa, jikinsu ya kumbura, ya ware su gefe ya ce ba za su ƙara shiga bindigarsa ba. Akwai kuma tsawo, don harsashi mai inci 3 ba na bindigar da aka yi wa mai inci 2¾ ba ne, kuma tilasta shi haɗari ne ga mai harbin. In kuwa guda biyu suka faɗo kan cokali lokaci ɗaya, saboda 'yar sakatar da ke tare su ta cinye, ni "shaƙewa" nake ce masa, kamar mai haɗiyar loma biyu. Wannan kawu ba ya taɓa shi, wurin gwanin gyara yake kaiwa.

Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne bututun. Sunan "gidan harsashi" ya yi faɗi, don da shi ake kiran na AK-47 wanda ake cirewa a saka. Kawu "maƙogwaro" yake cewa, kuma ya yi daidai da shaƙewa. Mutanen Borno da na Damagaram, da maharban Bauchi, me kuke ce masa a wajenku?