Wayar salula ta hana ni kammala tatsuniyar da nake sabuntawa

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina rubuta ƙagaggen labari da ya ɗauko tatsuniyar Cinderella, yarinyar nan da ta yar da takalminta a wajen biki, na dawo da ita babban birni na wannan zamani, amma na cije a babi na tara, inda saurayin zai fita neman mai takalmin.

A sigar marubucin Faransa Charles Perrault ta 1697 takalmin na gilashi ne, a ta 'yan'uwa Grimm na Jamus ta 1812 kuma na zinariya, kuma a duka biyun sai an gwada shi a ƙafa ake gane yarinyar. A labarina kuwa akwai kyamarar tsaro a bakin ƙofa, baƙi sun ɗauki hotuna da wayoyinsu, saboda haka duk mai hankali zai sa hotonta a intanet ya same ta kafin gari ya waye.

Na fara musanya takalmin da wayar da ta manta, sai labarin ya koma binciken kayan ɓata, armashinsa ya tafi. Daga baya na sa sihiri yana dusashe fuskarta a kowane hoto, amma mutum biyu da suka karanta sun ce dabarar ta fito fili, tun da ban kafa wannan ƙa'ida a babukan farko ba, kuma gaskiyarsu ce. Ɗauke wutar lantarki ma bai yi aiki ba, domin wayoyi na da batir.

Ta yaya zan sa takalmin ya zama shi kaɗai ne hanyar gano ta, ba tare da na cire fasahar zamani daga labarin ba? Na gode.