Na samu fili kusa da gandun daji a Italiya, amma aladen daji fa?

Ɗan Zongo: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani tsoho zai ba ni hayar rabin hekta a wajen Altamura, dab da iyakar gandun Alta Murja. Akwai rijiya, haya da sauƙi. Kuɓewa da yakuwa da gauta nake so in shuka in kai shagunan 'yan Afirka a Bari. Maƙwabcinsa ya ce aladen daji kan fito da dare. In karɓa in sa waya mai lantarki, ko in haƙura? Wanda ya taɓa yi ya faɗa min kuɗinta.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ka sayi kare kawai.

Sarkin Noma: Kare? Alhaji, hauren alade sai ya farke cikin kare. Ɗan Zongo, ni kankana na noma a wajen Foja, da kuɗin da na tara a tsinkar tumatir. Ana saura kaɗan a cire, na je da asuba na tarar sun fasa kowace ɗaya, sun ci jan sun bar ɓawo, ƙasar kuma sun tone ta kamar an bi da garma. Har robar ban ruwa sun tsinke. Na je neman diyya aka ce in kawo takardar haya mai rajista. Ni da mai filin da baki muka yi. Ko sisi ban gani ba, bashin iri kuma na kaina.

Maman Hanif: Allah Ya mayar da alheri. Mijina ya kewaye nasa da Yuro 500, har da batir da sola.

Sarkin Noma: 500? Ni 1,800 aka ce min.

Maman Hanif: Wancan ai raga ce da ake binnewa a ƙasa, ba waya ba. Ita waya layi biyu ake ja, na ƙasa daidai hancin aladen. Wahalar ita ce ciyawa: tana taɓa waya wutar ta mutu, sai kullum ana yanka.

Injiniya: Ku fahimci tushen abin. Tun shekarun 1950 aka riƙa shigo da manyan aladu daga gabashin Turai ana saki don farauta, masu yawan haihuwa. Hukumar muhalli ta ISPRA ta ƙiyasta aladen daji a Italiya sun kai miliyan 1.5 a 2021. A cikin gandu an hana farauta, to can suke fakewa da rana. Gandun ma bai tsira ba, suna tone saiwar furanni, suna shanye ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Ga cutar aladu da ta ɓulla a 2022 har cikin Roma.

Sarkin Noma: Injiniya, kai da ke Milan a bene na biyar, ka taɓa riƙe fartanya?

Injiniya: Kai da ka riƙe, ina kankanar?

Ɗan Bauchi: Hhhh. Mu a gefen Yankari giwa ke shiga gona, ku alade ya hana ku barci. Da barewa ce da tuni kun yi kilishi.

Ɗan Zongo: Don Allah a dawo kan magana. Suna cin kuɓewa kuwa?

Maman Hanif: Masara da dankali suka fi so, amma tonon tsutsa kaɗai ya isa ya tumɓuke maka shuka.

Baban Ummi: Ni gona ba ta dame ni ba, hanya ce. Na buge ɗaya da dare ina dawowa daga aiki, gaban mota ya lotse. Inshora suka ce tsarin da na biya bai haɗa da dabbar daji ba.

Sarkin Noma: Haka suke! Wata nawa kana biya?

Baban Ummi: Bar shi kawai. Wa ya san makaniken da ba ya tsuga kuɗi a Bari?