Tambaya: Ko mutum zai iya samun lamunin gida ba tare da kuɗin kafin alƙalami ba?

Ɗan Haya a Kaduna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lamunin gida. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekarata 35, na shekara 8 ina aiki, kuma abin da yake shigowa hannuna a wata bai wuce naira 150,000 ba. Tun da na yi aure nake zaman haya, kuma duk abin da na tara sai kuɗin haya da na makarantar yara su cinye shi, har ya kasance yanzu ba ni da ajiyar da ta kai naira 300,000. Ina ganin ana cire mini kuɗin Asusun Gidaje na Ƙasa a takardar albashi kowane wata. Shin wannan cirewar tana ba ni damar karɓar lamuni in sayi gida ko da ba ni da kuɗin kafin alƙalami, ko kuwa dole sai na tara wani kaso tukuna?

Tsohon Akanta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Damar tana nan, amma ina ganin ba kafin alƙalami ne zai fi ɗaure ka ba, albashinka ne.

Asusun da kake magana an kafa shi da dokar 1992, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, shi ne yake riƙe da shi. Wanda ya yi wata 6 yana zubi yana iya nema, ta hannun ɗaya daga cikin bankunan lamunin gidaje da aka amince da su. Kuɗin ruwa kashi 6 ne a shekara, wa'adin biya kuma yana iya kai shekara 30. Tun 2018 aka sassauta sharaɗin kafin alƙalami: lamunin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ba a neman ka ajiye komai, wanda ya haura haka kuwa ana neman kashi 10.

To ga inda gizo yake saƙar. Ba a yarda abin da za ka riƙa biya a wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigarka ba, wato naira 50,000 a wajenka. Sannan dole ka gama biya kafin ka yi ritaya, saboda haka shekara 25 ta rage maka, ba 30 ba. Idan aka yi lissafi a kan ruwa kashi 6, kowace naira miliyan ɗaya tana cin kimanin naira 6,400 a wata na tsawon shekara 25, ke nan iyakar abin da albashinka zai ɗauka bai kai miliyan 8 ba. Kafin ka damu da kashi 10, ka fara zagayawa ka ga wane gida ne mai cikakkun takardu ake sayarwa a wannan farashi a yadda siminti da rodi suka yi tsada yanzu. Mai yiwuwa sai ka fita can bayan gari, kuma sai ka haɗa da kuɗin mota zuwa wurin aiki cikin lissafinka.

Maman Gidan Fansho ta amsa:

Ɗan'uwa, abin da Baba Akanta ya faɗa haka yake, sai dai akwai ƙofar da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba da dama, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma ta fitar da ƙa'idojin a 2022, cewa ma'aikaci yana iya amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusunsa na fansho ba a matsayin kafin alƙalamin lamunin gida. Sharaɗin shi ne an zuba maka na wata 60 aƙalla, kuma ba ka cikin waɗanda ya rage musu ƙasa da shekara 3 su yi ritaya. Da shekara 8 a aiki ka cika wannan, muddin an riƙa zuba maka yadda ya kamata. Kuɗin ba sa biyowa ta hannunka, kamfanin fanshonka ne zai tura su bankin da zai ba ka lamuni, bayan ka kawo takardar tayin sayar da gidan. Idan maiɗakinka ma tana aikin albashi, kuna iya nema tare.

Sau ɗaya ake samun wannan damar, kuma guzurin tsufanka ne kake taɓawa, don haka ni ba zan so ka kashe ta a kan gidan da ba ka natsu da shi ba. Ka fara neman bayanin asusunka ka ga ko rubu'in abin da ke ciki zai kai naira 700,000 zuwa 800,000 da za a nema a matsayin kashi 10 na kafin alƙalami.

Mai Aikin Lauya ya amsa:

Ina so in ja hankalinka, Malam, cewa rashin kafin alƙalami ba ya nufin ba za ka fitar da ko sisi ba. Akwai kuɗin mai ƙiyasta darajar gida, da na binciken takardu a ofishin filaye, da na lauya, da harajin hatimi, da rajistar jingina, da inshora, ga la'adar dillali idan ta hannunsa aka bi. Waɗannan daga aljihunka za su fito, kuma naira 300,000 da kake da ita nan za ta tafi, ƙila ma ba ta isa ba.

Babban abin da yake kayar da mutane shi ne takarda. Banki ba ya karɓar takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, wadda da ita ake sayar da yawancin gidaje masu araha a unguwanninmu. Shaidar mallaka ta gwamnati yake nema, kuma bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 jinginar ba ta tabbata sai da amincewar gwamna. Na ga magidancin da ya biya dillali la'ada, ya biya kuɗin ƙiyasi, har matarsa ta je ta auna tagogi don ɗinka labule, sai bincike ya nuna cewa sunan da ke kan takardar na mamaci ne kuma magada ba su raba gado ba. Kada ka ba kowa kuɗi sai an duba fayil ɗin gidan a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna.

Ɗan Haya a Kaduna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wani abu da ban ambata ba shi ne zuciyata ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, ko da kashi 6 ne. Akwai wata hanya?

Tsohon Akanta ya amsa:

Akwai, Malam. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen gida tare da kai, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Sai dai su ma suna neman ka kawo naka kason tun farko, kuma wa'adinsu bai kai na asusun gwamnati tsawo ba, don haka biyan wata-wata yakan yi wa mai albashi irin naka nauyi. FMBN kuma yana da tsarin haya da take komawa mallaka, inda za ka tare a gidan ba tare da kafin alƙalami ba, amma a rukunin gidajen da aka ware wa tsarin kawai, kuma masu nema sun fi gidajen yawa. Ka je ofishinsu na Kaduna da lambar zubinka, ka nemi a ba ka yarjejeniyar a rubuce, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba ta kafin ka sa hannu.